Wai Cacar Baka Ce Kawai?

'Yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata kunya ce da na sha a gaban allo. Zangon da ya wuce aka tura ni koyon koyarwa wata makaranta kusa da gida, watau Ngojin ta ƙasar Potiskum. Ran nan ina ba 'yan aji labarin yadda Nijeriya ta sami mulkin kai, sai na ce musu a lokacin ana cikin Yaƙin Cacar Baka tsakanin Amurka da Rasha. Wata yarinya can a bencin baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, in cacar baka ce ai ba a mutuwa. Don me a ke ce masa yaƙi?" Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Na ce ta zauna, za mu zo kansa. Ƙararrawa ce ta cece ni. Tun daga ranar na ke bin littattafai da tsofaffi, ga kuwa abin da na samo, don kada wani ya je aji ya sha irin tawa.

Da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, Turawan da ke mulkinmu sun ci nasara, amma sun fito a galabaice. Ingila ta ci bashi har wuya, Faransa kuwa sai da Jamus ta zauna mata shekara huɗu. Ƙasashe biyu suka zama su ne manyan duniya: Amurka, da Tarayyar Sobiyet wadda mutanenmu suka fi sani da Rasha. Amurka tana bin jari-hujja, gona da masana'anta na mai su ne. Rasha tana bin gurguzu, gwamnati ke riƙe da kome, jam'iyya kuwa ɗaya tak. Kowace tana ganin in ta yi sake ɗayar za ta cinye duniya. Abin da ya hana su gwabzawa gaba da gaba shi ne bom ɗin atom. Amurka ta jefa biyu a Japan cikin Agusta 1945, Rasha ta gwada nata cikin 1949. Daga nan kowa ya gane in aka fara babu wanda zai saura balle ya yi murnar nasara. To, a tsakaninsu su biyu yarinyar nan ta yi gaskiya, zagi ne a rediyo da gori a Majalisar Ɗinkin Duniya. Turawa yaƙi mai sanyi su ke ce masa, mu muka ce cacar baka. Sunayen nan biyu sun dace da mutumin da ke zaune Mosko ko Washinton. Na Koriya da na Biyetnam da na Kwango ba su ji sanyin kome ba.

A daidai wannan zamani ne mu ke neman 'yanci. Kada wani ya ce kyauta aka ba mu. Sojojinmu da suka komo daga Bama sun ga Bature yana gudu yana mutuwa kamar kowa. An kafa NEPU a Kano cikin 1950, a Lardin Barno kuma, wanda Potiskum ke cikinsa a lokacin, samari suka kafa Borno Youth Movement cikin 1954. Amma gasar manyan nan biyu ta ƙara wa abin sauri. Cikin 1956 Shugaba Nasar na Masar ya karɓe mashigin Suwez, Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai masa yaƙi. Amurka ta matse wa Ingila bakin aljihu, Rasha ta yi barazanar harba rokoki, dole suka janye da kunya. Ran nan duniya ta san zamanin tsofaffin iyayengiji ya wuce. Gana ta sami mulkin kai cikin 1957, cikin 1960 kaɗai kuwa ƙasashen Afirka 17 suka ɗaga tutarsu, har da mu da maƙwabtanmu Kamaru da Nijar da Cadi.

Yanzu mu zo gida. Abu na farko da ya taɓa mu, iska ce ta kawo labarinsa. Faransa ta ɗauki darasi daga Suwez, cewa wanda ba shi da bom ba a jin maganarsa a zauren manya. Da Janar de Gaulle ya karɓi mulki cikin 1958 sai ya ƙara wa aikin wuta. To, ina za a gwada bom ɗin? Ba dai a bayan birnin Faris ba. Aka zaɓi hamada, wani wuri kusa da Reggane a kudancin Aljeriya, ƙasar da ta ke hannun Faransa, mutanenta suna yaƙin neman 'yanci tun 1954. Ran 13 ga Fabrairu 1960 da sassafe aka tashe shi. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu.

Duk ɗan Potiskum ya san daga ina iska ke busowa cikin watan Fabrairu. Na tambayi kakana, wanda a lokacin yana saurayi, ko ya tuna. Ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, a takarda ka gani, ni a maƙogwarona na ji." Ya ce hunturun shekarar nan magana ta bazu kasuwa cewa Faransa ta zuba dafi cikin hazo. Mata suna rufe randuna da faifai, wanda ya yi tari a ce Faransa, akuya ta yi ɓari a ce Faransa. Ni dai na san tarin hunturu ya girmi de Gaulle, na kuma faɗa masa haka, ya ce in tashi in ba shi wuri. Amma fa tsoron nasu ba na banza ba ne. Cikin 2014 wata jarida a Faris ta buga taswirar da sojan Faransa suka daɗe suna ɓoyewa, ta nuna gajimaren bom ɗin ya bi kudu maso gabas har ya kai Fort Lamy, watau Njamena ta yanzu, sa'an nan ya watsu bisa Afirka ta Yamma. Daga Potiskum zuwa Njamena kuwa tafiyar yini ce a mota.

Faransa ta sake tashin na biyu cikin Afrilu, na uku kuwa ran 27 ga Disamba 1960, Nijeriya ba ta ko cika wata uku da samun mulkin kai ba. Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa mutum ne da a ke yi wa kallon mai sanyin hali, abokin Ingila. Amma ran 5 ga Janairu 1961 gwamnatinsa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, kwana biyu ya bar Ikko, ta kuma hana jiragen Faransa na ruwa da na sama sauka ƙasarmu. A ganina wannan yana cikin manyan abubuwan da jaririyar ƙasa ta yi, ya kamata 'yan makaranta su san shi. Sai dai ku dubi wanda ya ji jiki. Nijar da Cadi ba su da teku, kayansu da yawa ta tasoshinmu su ke bi. Jirgin ƙasa bai isa Maiduguri ba sai 1964, saboda haka manyan motoci ke ɗauko kaya daga Jos, su ratsa Bauci da Potiskum, su nufi Maiduguri da Fort Lamy. Da aka rufe ƙofa, maƙwabta ne suka fara kuka, ba mutanen Faris ba. Bayan 'yan watanni aka ɗage hanin jiragen. Faransa kuwa ba ta fasa ba, ta ci gaba har 1966, jimla gwaji 17 a hamadar Aljeriya, huɗu a sarari, sauran cikin dutse.

Haka muka fara, kowa yana jan rigarmu. Ingila ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da mu cikin 1960, wadda ta ba jiragen yaƙinta damar ratsa samaniyarmu da sauka filayenmu. Ɗaliban Jami'ar Badun suka yi zanga-zanga har cikin majalisa a Ikko, aka soke ta cikin Janairu 1962. Amurka kuwa, wadda Rasha ta riga ta aika mutum sararin sama cikin 1961, ta kafa tashoshin sauraro kewaye da duniya don bin kumbonta, ɗaya daga cikinsu a Kano. Ran 20 ga Fabrairu 1962 da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin masu bin sawunsa.

Waɗannan duk da sauƙi. Inda cacar baka ta koma jini a gaban idon sojojinmu shi ne Kwango. Ta sami mulkin kai daga Beljiyam ran 30 ga Yuni 1960. Ba a yi mako biyu ba lardin Katanga ya ɓalle, Beljiyam tana goya masa baya. Katanga nan ne tagulla ta ke, daga nan kuma aka haƙo yawancin yuraniyom ɗin da aka yi bom ɗin Hiroshima da shi. Firayim Minista Patrice Lumumba ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta murƙushe tawayen, ba ta yi yadda ya so ba, sai ya juya ya roƙi Rasha. Wannan roƙo ne ya ci shi. Aka tuɓe shi, aka kama shi, aka kai shi Katanga hannun abokan gabansa, aka harbe shi ran 17 ga Janairu 1961. Cikin 1975 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya tabbatar 'yan leƙen asirin ƙasar sun shirya ba shi guba, ko da ya ke ba ita ta kashe shi ba. Beljiyam ma daga baya ta amsa tana da hannu. Wanda ya ci riba shi ne Mobutu, hafsan soja, ya riƙe ƙasar daga 1965 har 1997, yana wawurar dukiyarta, Amurka tana ba shi kuɗi da makamai don ya ce shi maƙiyin gurguzu ne.

A nan ne na gane yadda gasar manya ke haifar da mulkin kama-karya, wannan kuwa shi ne abin da na fi so mu malamai mu riƙe. Tun zamanin da, sarkin da ke cin harajin talakawansa tilas ya saurare su, domin in sun ji wuya su kan yi ƙaura su bar masa kufai. Amma shugaban da bindigarsa da kuɗinsa daga ƙetare su ke zuwa, me zai nema wurin talaka? Masu ba shi kuma ba su tambayar yadda ya ke riƙon mutanensa, tambayarsu ɗaya ce, kana tare da mu ko da su? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada ku zaci Amurka kaɗai ke wannan. Mengistu na Habasha, wanda ya kashe dubban mutane, Rasha ce ta riƙe shi. Abin dariya ma, kafin 1977 Habasha ta Amurka ce, Somaliya ta Rasha. Da ƙasashen biyu suka kama yaƙi a shekarar nan sai aka yi musayar iyayengiji, Rasha ta koma Habasha, Somaliya ta nufi Amurka. Talakawan da a ke binnewa dai su ne na jiya.

Nijeriya ta aika sojoji Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga ƙarshen 1960 zuwa 1964, har Janar Aguiyi Ironsi ya shugabanci rundunar duka a shekarar ƙarshe. Cikin hafsoshin da suka je akwai Yakubu Gowon, da Murtala Muhammed, da Olusegun Obasanjo. Ku ƙidaya, mutum huɗu ke nan da kowannensu ya zo ya mulki Nijeriya cikin kaki.

To, amma a nan zan taka wa kaina birki, don na ji wasu a ɗakin kwananmu kome ya lalace su ce Turawa. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ba daga Mosko ko Washinton aka aiko shi ba. 'Ya'yan ƙasar nan ne suka yi shi, bayan rikicin ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen 1964, da na Jihar Yamma na 1965 wanda ya ƙare da ƙone-ƙone. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe. Cikin hafsoshin da aka harbe har da Birgediya Zakariya Maimalari, ɗan ƙasar Yusufari ta jiharmu, wanda a ke kiran barikin Maiduguri da sunansa. Sai ramuwa ta biyo cikin Yuli, aka kashe Ironsi, aka kuma kashe dubban Ibo mazauna Arewa, abin da ba shi da daɗin faɗa amma ya faru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu muka tsaga namu.

Ƙadangarun kuwa ba su yi jinkiri ba. Da yaƙin basasa ya tashi cikin Yuli 1967, Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowa makami ba, Ingila ta ba da bindigogi amma ta hana jiragen yaƙi. Gwamnatin Gowon ta juya wajen Rasha, cikin Agusta aka fara sauke jiragen MiG a filin jirgin saman Kano. Ku duba fa, Ingila da Rasha, abokan gaba a Turai, ga su gefe ɗaya a Nijeriya, ɗaya tana tsaron man fetur ɗinta, ɗaya tana neman wurin sa ƙafa. Faransa kuwa ta bi ta Gabon da Kwaddibuwa tana tura wa Biyafara makamai. Masu tarihi da dama suna ganin de Gaulle bai manta da korar jakadansa ba, ban da son da ya ke yi a rage girman Nijeriya cikin ƙasashen da Faransa ta raina. Kafin a ajiye bindiga cikin Janairu 1970 mutum wajen miliyan ɗaya ko fiye sun mutu, yawancinsu yara, yunwa ce kuwa ta kashe su.

Cadi ma, maƙwabciyarmu ta gabas, ta ga nata. Cikin Maris 1979 aka tara shugabannin ɓangarorinta a Kano don sulhu, bai ɗore ba. Gaddafi na Libiya ya shigo da makaman Rasha, Amurka da Faransa kuma suka ɗauki Hissène Habré don ya tare shi. Ya kama Njamena cikin 1982, ya yi mulki har 1990. Kwamitin binciken da Cadi ta kafa bayansa ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe a zamaninsa. Sai cikin 2016 wata kotu a Dakar ta ɗaure shi rai da rai, ya mutu cikin 2021. Tsofaffin Potiskum sun tuna 'yan gudun hijirar Cadi da suka riƙa biyo hanyar Maiduguri a shekarun nan.

In kuna son ganin sawun soja a ƙofar gidanmu, ku dubi adireshinmu. Cikin 1967 Gowon ya sa Potiskum a Jihar Arewa Maso Gabas. Cikin 1976 Murtala ya sa ta a Jihar Barno. Ran 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya yanko Yobe. Ba na cewa ƙirƙiro jihohin nan laifi ne, mutanenmu sun nema, sun kuma yi murna. Amma duka ukun da dokar soja aka yi su, a rediyo muka ji, ba wanda ya jefa ƙuri'a. Daga 1960 zuwa 1999, wajen shekara 29 soja ke riƙe da ƙasar.

A shekarar da aka yi Yobe, cikin Disamba, Tarayyar Sobiyet ta wargaje. A zamanin nan masu kama-karya da yawa suka rasa mai ciyar da su, Mengistu ya gudu, Nijar ta kira babban taron ƙasa ta koma jam'iyyu da yawa. Mu kuwa a lokacin ne aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Janar Abacha ya hau har 1998, alhali babu sauran Rasha ta gurguzu da za a ɗora wa laifi. Cikin Yuli 2023 kuma soja suka karɓe mulki a Nijar, suka sallami sojojin Faransa a shekarar, na Amurka suka bar Agadas cikin 2024, a shekarar ne kuma masu horar da soja daga Rasha suka sauka Yamai. Da na karanta wa kakana wannan sai ya ce, "To, ashe ba a gama ba."

Saura labarin ƙurar. Cikin Maris 2022 wata babbar ƙura ta taso daga hamadar Aljeriya ta rufe Turai, motoci a Faransa suka yi ja. Masana suka tattara ta, suka auna, suka sami ɗan burbushin atom a ciki, kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya cuci mutum ba. Kowa ya zaci na Reggane ne ya komo gida. Da suka buga sakamakon cikin 2025 sai ya nuna alamar burbushin ba ta dace da bom ɗin Faransa ba. Ta dace ne da na ɗaruruwan gwaje-gwajen da Amurka da Rasha suka yi a sarari cikin shekarun 1950 da farkon na 1960, waɗanda tokarsu ta zuba bisa duniya duka, har da hamada.

Na koma wa 'yan ajina kafin zango ya ƙare. Na zana taswirar Afirka a allo, na sa ɗigo a Reggane, da Kano, da Katanga, da Njamena, da Potiskum, na ba su labarin cikin darasi biyu. Da na gama na kira yarinyar nan, na ce ko ta sami amsarta. Ta ce ta samu. Sa'an nan ta ce, "Malam, to su waɗanda suka ba Habré bindiga, a wace kotu aka kai su?" Na ce mata ba a kai su ko'ina ba. Ta rubuta a littafinta.